Mai Ɗaga Duwatsun Fetuao

Ranar Talata Fetuao ta dawo daga addu'ar safe ta tarar an ɓare kwakwa ashirin, an jere su a bakin madafa. Ita dai ba ta sa kowa ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, ɗa namiji kuwa ba ta da shi. Haihuwarta ɗaya, Selesitila, wadda ake kira Sila, tana can ƙetare, a Brisbane.

Laraba aka faskara itace. Alhamis sai ga gwaza kwando biyu daga gona, da sandar da maza ke saɓa kaya da ita a jingine. Amma abin da ya fi ɗaure mata kai duwatsun da ake gasa abinci da su ne. Wani yana kwasar manyan ya kai bakin teku, ya kuma dawo da su mazauninsu. Sawu ya nuna zuwa da komowa ya fi sau goma. Wane mai hankali ne zai yi ta wahala a kan aikin da ba ya gaba?

Kafin azahar zancen ya gama ƙauye. Taumaoe, matar fasto, ta tare ta a ƙofar coci.

"Maman Sila, ashe kin yi dace! An ce mai faɗin kafaɗa ne. Mu fara ɗinka anko?" Sai ta haɗe rai. "Lahadi kwamitin mata zai zauna. In ba ki faɗi ko wane ne ba, ki ajiye makullin coci."

Shekara goma sha tara makullin nan yana hannunta, ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Maƙwabcinta Pelenato ta fara zargi, don tun mutuwar matarsa gaisuwarsa ta yi tsawo. Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ni? Haba 'yar'uwa, ko buta zan ɗauka sai na nemi izinin bayana."

Ta aika wa Sila saƙo. Dama rubutu kawai suke yi yanzu. Sila ta daɗe da daina kira, wai maƙogwaro ke damun ta, hoto ma ta ce ba ta so. Labarinta kullum na likita ne, da gidan motsa jiki, da ƙwai nawa aka ce ta ci. Amsar ta zo nan take, Fetuao ta bi ta da yatsa, kalma kalma, yadda ta koya wa kanta a Littafi Mai Tsarki: "Mama, ƙila mai kunya ne. Ki ba shi lokaci."

Lokaci kuma? Kwana uku ya rage.

Juma'a ta sa fararen kayanta na coci, ta fita kamar za ta addu'ar safe, kowa na gani. Da ta kai kwana sai ta zagayo ta bayan ayaba, ta tsuguna da adda a hannu. Ƙararrawa ta kaɗa babu ita. Ta nemi gafarar Ubangiji a ranta.

Sai ga shi. Gajere ne, bayansa a buɗe, hula ta rufe rabin fuska, ga ɗan gemu. Bai yi dube-dube ba, kai tsaye ya sa hannu ƙarƙashin tankin ruwa ya zaro gatarin marigayi. Tun yaushe mutumin nan yake leƙen gidanta?

Ya gama itace, ya rungumi dutse. Ya ɗaga zuwa ƙirji, ya sauke, ya ɗaga, yana ƙirga a hankali. Ya huta, ya sake. Can ya tsaya gaban gilashin taga yana juya kafaɗunsa, kamar mai gwada riga. Sannan ya naɗe zanensa sama, zai hau kwakwa.

Ta fito da adda. "Kai! Ɗan gidan wa? Me na yi maka za ka ɓata mini suna?"

Ya daskare, hannunsa a jikin bishiya, bai juyo ba.

"Na so in ƙara mako guda kafin ki gan ni," ya ce, da wata murya mai kauri da ba ta sani ba.

Idonta ya sauka kan ƙafafunsa. Zanen da ake tsaga wa maza a fata a ƙauyen nan baƙi ne ƙirin tun daga ƙugu. Wannan kuwa siriri ne, daga cinya zuwa gwiwa, irin na mata, kuma Fetuao ta san kowane ɗigo nasa, don a kan cinyarta ta riƙe ƙafafun nan ranar da aka yi wa Sila shi.