Aku Mai Karyayyen Baki

Wata huɗu bayan rasuwar matarsa, wani tsohon malamin adabi ya haɗiye girman kai, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarsa da wayar marigayiya a hannu.

"Maƙwabciya, akun nan mai karyayyen baki ta daina zuwa barandarmu. Marigayiya ce ke ba ta ayaba, ta bar min amanarta, ina jin na kashe ta."

"Haba Malam! Littafi dubu ka karanta, amma tura hoto ɗaya ya gagare ka?"

Ta nemo hoton akun a wayar, ta saka shi a zauren intanet na masu ƙidayar akun da ke yawo a birninsu, Caracas, inda ake gane kowace da zanen fuskarta. Shi dai ya taɓe baki. Bai taɓa ganin alheri ya fito daga waya ba.

Kafin shayin da ta zuba masa ya huce, masu baranda goma sha ɗaya sun amsa, kowa na rantsuwa tasa ce. Wani ya turo hotonta na safiyar nan, a kogon busasshiyar bishiyar kwakwa, tana ɗura wa 'ya'ya biyu abinci.

Ya daɗe yana kallo.

"Mara kunya, ko makoki babu," ya ce. "Tambaye su yaushe yaran za su fara tashi, in ƙaro ayaba."