Tsohon Da Aka Ɓoye Wa Bututu

Kai da kake ta faman raba mahaifinka da kiwon tantabaru, matso in ba ka misali. A unguwarmu an yi wani mai gyaran keken ɗinki, Allah ya jiƙansa, wanda taurari suka shiga ransa. Da hannunsa ya haɗa madubin hangen nesa. Ya sami gilashi mai kauri, ya yi ta goga shi da ruwa da lallausan yashi har ya lotsa kamar tasa, sannan ya ɗaura shi a gindin wani bututun ruwa. Mu dai igwa muke ce wa abin, muna tsokanarsa wai so yake ya harbo wata a yi miya. Shi kuwa sai dai ya yi dariya. Da an idar da magariba zai hau soro ya saita, ya yi ta kiran masu wucewa kamar mai tallan ƙosai, alhali kyauta ne. Ni a nan na fara ganin ashe fuskar wata duk ramuka ce, kamar tandar waina.

Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta rufe masa gani. 'Ya'yansa suka ji tsoron kada wata rana ya zamo daga tsani, suka ɗauke bututun suka kulle a ɗaki. Tsoho bai yi faɗa ba, bai yi roƙo ba. Da gari ya waye sai aka ji ƙarar guga a zaure. Ashe gilashin tagar gidan ya lalubo ya cire, ya zauna da ƙwaryar ruwa yana gogawa, yana shafawa da ɗan yatsa. Babbar 'yarsa ta ce, "Haba Baba, ko ka gama me za ka gani?" Ya ce, "Yo da can ma ai ba ni kaɗai nake gani ba." Kafin ya ƙarar da tagogin gidan, suka fito masa da kayansa, suka kafa a ƙofar gida inda ba hawa. Har ya rasu a nan yake zama, mutane na leƙawa, shi yana sauraron salatinsu yana murmushi.

To ka bar wa tsohonka tantabarunsa, ka dai gyara masa akurkin. Ai Hausawa sun gama magana: hali zanen dutse ne.