Waƙar da Ta Bi Kukan Firij

"Malam, ya isa haka, kana damun majinyata," in ji nas.

Na roƙe ta ta bar ni in sake gwadawa. Mama na zaune bakin gado tana kallon bango. Kullum ina zuwa, amma tun da ciwon mantuwa ya kama ta ba ta gane fuskata. Likita ya ce tsohuwar waƙa kan farkar da masu irin wannan ciwo, shi ya sa na zo da jita.

Na kaɗa waƙar da na tsara mata ina saurayi. Na bi ta a kowane ki, wato matakin sauti, da makaɗa suka saba, na hau sama, na sauko ƙasa. Mama ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Sai yayata, da ke tsaye a gefe, ta ce, "Kai, ba haka take ba. Ka manta a kicin ka haɗa ta, kana bin kukan tsohon firij ɗinmu?"

Haka ne kuwa. Kukan firij ɗin nan a tsakanin ki biyu yake, inda babu makaɗin da ke zuwa. Na yi ta sassauta tsirkiyoyi kaɗan-kaɗan, ina kwaikwayon kukan a maƙogwaro, har suka dace.

Mama ta juyo. Leɓenta ya fara bin waƙar, hawaye na zuba. Ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"Bawan Allah," ta ce, "ɗana ne ya tsara wannan. In ka gan shi, ka ce ya zo ya duba ni mana."