Fatar da Ba Ta Yi Sai a Maisur

Allurar awo ta sake faɗuwa ƙasa, Baba Subbanna ya murza gashin baki.

Shekara talatin yana kula da tanda a ɗakin binciken nan na Maisur, inda ake gasa wata baƙar fata a kan ɗan dutse, siririya har gashin kai ya fi ta kauri. In ta sha sanyi sosai, lantarki yakan ratsa ta ba wata turjiya, sai allurar awo ta faɗi. Ta Dakta Wasundara, mai binciken, kuwa, tun sanyin bai kai ko'ina ba take sakin hanya.

Sai dai an aika fatar Mumbai, ta ƙi. An kai ta Jamus, ta ƙi. Aka fara raɗe-raɗin Dakta ƙirƙirar sakamako take, aka naɗa kwamiti. In fatar ta ƙi a gabansu, aikin Dakta da sunanta sun tafi.

Baba dai ya san sirrin, iyawa ce. Fatar ba ta taɓa yi ba sai ya sunkuya a kanta yana dubawa. Amma wa ya gode? Ko gahawa an daina miƙa masa. In ya matso, Dakta sai ta ja mayafi ta ƙara rufe kafaɗa. Don haka ranar kwamiti, wadda ta faɗo a bikin kayan aiki, ya yi zuciya ya tsaya a baranda.

An shafa wa injuna jan gari, an rataya musu furanni. Allura ta kafe, har awa guda.

"Dakta, ko fatar taki ma ta tafi hutun biki ne?" in ji shugaban kwamiti, yana tauna alewa.

Dakta ta miƙe. Ta zuba gahawa, ta kai jikin bango, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, a yi haƙuri. Sukari cokali biyu, yadda kake so. Zo ka duba mana."

Ya shigo yana gunaguni, ya sunkuya. Shugaba ya hau atishawa yana tambayar wa ya buɗe taga, ga sanyi har ƙashi. Allura ta faɗi.

Baba ya juya zai ɗauki gahawarsa, rabonsa da ita shekara uku. Ga kofin a ajiye ƙarƙashin hotonsa, wanda aka rataya wa sarƙar itacen sandal, irin wadda a Maisur ba a rataya wa mai rai.