Madaɓin Inna a Filin Jirgi

Kwana uku ana ruwa, soja suka ce da la'asar za su gwada saukar da jirgin kaya a filin ƙasa na bayan Kawo. Babana lebura ne a wurin. Baturen da ke kula da aikin ya ce masa in taya ta nutse a sashensa, aikinsa ya ƙare.

Madaɓin da Inna take daɓen ɗaki da shi ya ɗauko, na bi shi filin, ya durƙusa yana daɓe tsakuwa. Leburori suna ta dariya: "Malam Audu, saura ɗaura zane!"

Bai ɗago ba. Ya ce da ni, "Riƙe rigata. Ƙasar da na daɓe ba ta cin taya."

Jirgin ya wuce sashensa lafiya, ya kafe a na masu dariyar. Ko sannu Bature bai ce masa ba. Madaɓin yana ɗakina har yau, kuma ni ban yafe wa Baturen ba.