Wa Ke Jiranka?

Na sa babbar rigata na tafi tashar jirgin ƙasa ta Kumbotso da hantsi. An yi wa ɗana Nafi'u haihuwa a birni, ranar ce suna. Ba a aiko mini da goro ba, amma uba ba ya jiran goro.

Shekara uku ke nan da kafa dokar. Ƙofar tasha ba ta buɗe wa wanda ya haura saba'in sai wani a birni ya ce yana jiransa. Ta lasifika ake tambayar, kowa na ji.

Tsohuwar da ke gabana ta kira 'ya'yanta huɗu, ba wanda ya ɗauka. Ta koma benci da kwanon furarta. Na ce a raina, ita ta san tarbiyyar da ta ba su.

"Baba, wa ke jiranka?" in ji ƙofar.

"Nafi'u Sale. Ni na haife shi."

Ta kira shi. Na ji guɗar mata da kukan jariri.

"Tsoho, in ba ka da kowa ka matsa mana," in ji wani a bayana.

Ban waiwaya ba.

"Nafi'u, ni ne. Gaya mata."

Jirgi ya iso ya tsaya. Sannan Nafi'u ya yi gyaran murya, ya amsa wa ƙofar, ba ni ba.

"A'a. Ba na jiransa."