Mai Jakar Goyo da Birin Haikali

"Ka ajiye takalmin nan mana, mutumina, kowa fa ya ajiye!"

"Ba zan ajiye ba. A masallacin Juma'a aka ɗauke mini sabon takalmi, goshina yana ƙasa, a tsakiyar 'yan'uwana musulmi. Shi ne zan bar wannan a hannun wadda ko sunanta ban sani ba?"

Wasu samari biyu ne 'yan garinmu, masu yawon ganin duniya da jakar goyo, suke wannan cacar baki a gindin wani dutse, can a ƙasashen gabas. A ƙoƙuwar dutsen akwai haikalin mabiya addinin Buddha, kuma al'adar wurin ba a taka matakalarsa da takalmi. Wata tsohuwa ce zaune a rumfa tana tsaron takalma da jakunkunan baƙi. Shi mai ƙin ajiyewar, irin mutanen nan ne da ko sallama ka yi musu sai sun shafa aljihu. Ranar ce ta ƙarshe a tafiyarsu. Kashegari jirgi zai tashi da su, domin matarsa ta haihu, ɗan fari, saura kwana uku suna.

Sai ya buɗe jaka ya cusa takalmin can ƙurya, inda fasfonsa yake kwana. Wuri ya yi kaɗan, don haka ya zaro fasfon, wanda ya naɗe a baƙar leda saboda ruwan sama, ya soke shi a aljihun raga na gefen jakar. Tsohuwa na ganin leda ta miƙe zumbur. Ta nuna sama, ta rankwafa, ta sosa haƙarƙari da hannu biyu, ta kai wa iska wawura. Abokin ya ce birai take nufi, da sun ji motsin leda sun ɗauka abinci ne. Gogan naka ya rankwafa shi ma, ya sosa nasa haƙarƙarin, ya washe mata haƙora, ya ce birin da yake tsoro mai ƙafa biyu ne.

Aka kama hawa. Matakala ɗari shida da wani abu, dutse ya sha rana, tafin ƙafa ba takalmi, jaka a baya kamar buhun gero. Abokin yana tafe sakayau, yana tsayawa kallon gonakin shinkafa da kogin da ya naɗe ƙauyen da ke ƙasa. Shi kuwa bai ga komai ba sai yatsun ƙafarsa da fuskar duk wanda ya biyo bayansa. Tsofaffi masu ɗauke da furanni su zo wucewa, ya manne da bango ya rungume jaka. Wata mata ta miƙa masa ruwa, ya kau da kai. Da suka isa sama, ga mutum-mutumin Buddha mai ruwan zinariya, ga ƙananan ƙararrawa suna kaɗawa da iska, ga turaren wuta, bai ko leƙa ba. Ya zube a inuwar katanga yana haki, hannu biyu a kan bakin jakar, wajen da takalmi yake. Ya lumshe ido ya ja numfashi uku. A na ukun ya ji ƙaras! Kafin ya waiga, biri yana kan rufin haikali yana yage leda.

Wani malamin wurin, mai aski ƙwal da mayafi ruwan goro, ya taho da sauri yana ɗaga hannu. Da guntun Turancinsa ya fahimtar da abokin cewa kada a yi ihu, kada a yi jifa. Biran nan sun san musaya. A karɓo ayaba wajen mai sayarwa a bakin ƙofa, a ɗaga masa, zai saki abin da ya riƙe ya sauko, kullum haka ake yi. Nan fa mutumin namu ya ga ya gano bakin zaren. Wato tsohuwa ta ba da labari, biri ya sata, mai ayaba ya yi ciniki, malam ya raba gardama, shi kuma baƙo ya biya ɓarawo lada! Ya rantse ba da shi ba. Abokin ya ruga wajen mai ayaba, amma kafin ya juyo gogan ya riga ya jefi birin da dutse. Biri ya yi tsalle ya koma kan wata bishiya da ta leƙa kwazazzabo. Ya zauna ya buɗe fasfon kamar malamin duba, ya gatsa shafin farko ya tauna, ya ji ba daɗi ya tofar, ya wurga sauran ƙasa, inda ko akuya ba ta sauka.

Malamin ya sunkuyar da kai. Ofishin jakadanci yana babban birni, tafiyar yini guda, takardar komawa gida kuma ba ta fita rana ɗaya. Za a yanka rago, a raɗa suna, a yi addu'a a watse, uban yaro yana layi a wata ƙasa. Abokin ya tsaya da nonon ayaba a hannu, idonsa ya yi ja, ya ce, "To yanzu in na sauka gida, me zan gaya wa mai jego?"

Gogan naka ya kalli kwazazzabon, sannan ya gyara zaman jakarsa ya ce, "Ka ce mata dama hoton nawa bai yi kyau ba."

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.